Hannun da Ba Ya Jin Wuta: Tarihin Rarrabe Kogon Laka da Cututtuka Masu Kama da Shi

A ƙasar Hausa, daga Dungas har zuwa Daura, idan aka ga mace ta sauke tukunya daga murhu da hannu, fatar yatsunta ta saluɓe amma ko fuska ba ta yamutsa ba, ba a jiran likita kafin a raɗa wa abin suna. Kowa ya san cutar da ke kashe ji a hannu, ko da yake ba kowa ke son ambaton ta da baki ba. Sau da yawa kuwa zaton yakan tabbata, domin kuturta ta daɗe a wannan ƙasa har ta sami sarauta, ga Sarkin Kutare nan a manyan birane, ta kuma shiga cikin karin magana. Sai dai akwai wata cutar, ba mai yawa ba, wadda ita ma take kashe jin zafi da sanyi a hannu, ta ramar da tsokar tafi, ta lanƙwashe yatsu, alhali ba ƙwayar kuturta ko ɗaya a jikin mai ita, kuma ba a ɗaukar ta daga wani. Tushenta yana cikin laka, wato farar igiyar nan da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta ratsa cikin ƙashin baya. Wani kogo ne mai cike da ruwa yake buɗewa a tsakiyar lakar, galibi daidai wuya, yana ta faɗaɗa sannu a hankali.

Littattafan likitanci da ake karantawa a Yamai da Damagaram da Kano, waɗanda mafi yawansu a Turai da Amurka aka wallafa su, sun fi mayar da hankali ga bambanta wannan kogo da wata cuta dabam, wadda Faransawa ke kira sclérose en plaques, ma'ana taurin da ke fitowa tabo-tabo a cikin ƙwaƙwalwa da laka. Raba waɗannan biyu ya ci wa likitoci shekaru fiye da ɗari, kuma ana tsakiyar aikin sai kuturta ta kutso kai, ta haddasa gardamar da ta fi shafar mutanen wannan yanki fiye da ta farkon.

Masu fiɗar gawa ne suka fara ganin kogon. Charles Estienne na Paris ya ambace shi a littafinsa na bayanin sassan jiki tun a tsakiyar ƙarni na 16, amma sai a shekarar 1827 wani likita mai suna Ollivier d'Angers ya ba shi suna syringomyélie. Ya haɗa kalmomin Girkanci biyu ne, ɗaya na nufin sarewa, ɗayar kuma laka. Duk wanda ya taɓa riƙa sarewar makiyayi ya leƙa ramin da ke cikinta ya fahimci abin da ake nufi. To amma a wancan zamani sanin bai amfani mai rai da komai ba, domin ba a gane kogon sai bayan an yi wa mutum wanka na ƙarshe.

Ciwon tabo-tabo kuwa a hannun Jean-Martin Charcot ya sami cikakkar siffa, a laccocin da ya gabatar a shekarar 1868 a asibitin Salpêtrière na Paris, inda dubban mata gajiyayyu da naƙasassu ke zaune har ƙarshen rayuwarsu. Wannan ya ba shi damar da ba kowane likita ke samu ba: ya bi majinyaciya shekara da shekaru yana rubuta abin da ya gani, in ta rasu ya duba lakarta ya gwada da abin da ya rubuta. Ya fitar da alamu uku da suka shahara da sunansa, su ne rawar ƙwayar ido, da karkarwar hannu lokacin da aka miƙa shi za a ɗauki wani abu, da magana mai fita gaɓa-gaɓa. A yau an san cewa garkuwar jiki ce ke juyowa ta afka wa kuben da ya lulluɓe jijiyoyi, ta bar tabo a nan da can.

Dalilin da ya sa cututtukan biyu ke rikita likita a fili yake. Dukansu sukan bayyana ga matasa, tsakanin shekara 20 zuwa 40. Dukansu suna kawo dindiris da kasala a gaɓoɓi, da sanƙarewar ƙafafu, da matsalar riƙe fitsari. Hatta rawar ido, wadda ake ɗauka tamkar hatimin ciwon tabo-tabo, tana samuwa ga mai kogo idan kogon ya haura sama zuwa gindin ƙwaƙwalwa. Saboda haka mutane da yawa a Turai sun shafe shekaru da sunan cutar da ba tasu ba.

A shekarun 1880 ne Friedrich Schultze na Jamus da Otto Kahler na birnin Prag suka nuna cewa ana iya gane kogon laka tun mutum yana raye, kuma kayan aikin da ake bukata ba su wuce allura da auduga da ƴan kwalabe biyu ba, ɗaya da ruwan ɗumi, ɗaya da ruwan sanyi. Idan aka shafa wa mai kogo auduga a hannu, zai ji. Idan aka motsa masa yatsa idonsa a rufe, zai faɗi inda aka nufa da shi. Amma a soka masa allura, ko a ɗora masa kwalbar ruwan zafi, sai ya ce an dai taɓa shi. Sirrin yana ga tsarin hanyoyin da ke cikin laka. Jijiyoyin da ke ɗauke da saƙon zafi da sanyi da ciwo, da zarar sun shiga laka sai su tsallaka zuwa ɗaya gefen, kuma mashigarsu tana tsakiya, daidai inda kogon ke buɗewa. Masu ɗauke da saƙon taɓawa da sanin matsayin gaɓa kuwa ta baya suke bi su haura, ba su bi ta tsakiyar ba. Kogon ya datse hanya ɗaya ya bar ɗayar. Shi ya sa wurin da jin ya mutu yakan kwanta a kafaɗu da hannuwa da saman ƙirji da baya, kamar yadda alkyabba ke kwanciya a jikin basarake. A shekarar 1891 Hans Chiari ya ƙara wani haske, inda ya bayyana mutanen da ƙasan ƙaramar ƙwaƙwalwarsu ta ƙeya ya zarce ya cushe ƙofar da ke gindin ƙoƙon kai. Daga baya aka gane cewa wannan cushewa, wadda ke hana ruwan laka kai da kawowa, ita ce sanadin mafi yawan kogunan. Irin waɗannan mutane sukan yi kukan ciwon ƙeya idan sun yi tari ko atishawa ko nishi.

Abu na biyu da ya raba su shi ne lokaci, kuma wannan da kunne ake gano shi, ta hanyar sauraron majinyaci. Ciwon tabo-tabo, a mafi yawan masu shi, zuwa yake ya koma. Bana ido ɗaya ya dushe na ƴan makonni ya washe, baɗi ƙafa ta yi nauyi ta saki, wata shekarar a riƙa ganin abu ɗaya ya zama biyu. Yana taɓa wurare dabam-dabam a lokuta dabam-dabam, kuma a kan wannan ƙa'ida aka gina sharuɗɗan gane shi na kwamitin Schumacher a 1965. Wilhelm Uhthoff ya lura tun 1890 cewa ganin masu shi yakan ƙara dushewa idan sun motsa jiki, aka kuma gane daga baya cewa ɗumamar jiki ce sanadi, har an yi zamanin da likitoci ke tsoma majinyaci a ruwan zafi su ga ko alamun za su tsananta. Kogon laka ba ya wannan kai-komo. Yana wuri guda, yana ci gaba a hankali ko ya tsaya cak na shekaru, kuma ba ya taɓa jijiyar gani.

Gardamar da ta fi ɗaukar hankali ta taso ne daga wani ƙaramin gari mai suna Lannilis, a lardin Bretagne na yammacin Faransa. Likitan garin, Augustin Morvan, ya wallafa a 1883 bayanin wasu mutanen karkara masu ƙuraje a kan yatsu, waɗanda ake tsaga musu ƙurjin da wuƙa ba su ji komai ba, yatsun kuma su yi ta ruɓewa suna guntulewa. Aka sa wa cutar sunansa. Sai ga Démétrius Zambaco, wani likita Bagirke mazaunin Santambul wanda ya yi shekaru yana bin kutaren daular Usmaniyya, ya ziyarci Bretagne a 1892, ya dubi hannuwan, ya ce wannan ai tsohuwar kuturta ce da Turai ke zaton ta rabu da ita tun ƙarnonin baya. Bai tsaya nan ba, ya faɗaɗa da'awar har ta haɗa da yawancin abin da ake kira kogon laka. Maganar ta girgiza likitocin Paris, domin ba ƙaramin abu ba ne a ce da Faransa ta ƙarni na 19 tana da kutare a ƙauyukanta.

Zambaco ba jahili ba ne. Idonsa ya saba da hannun kuturu, kuma hannuwan biyu sun yi kama ƙwarai: yatsu a lanƙwashe, tsokar da ke tsakaninsu ta zube, ga tabon ƙuna, ga gyambon da ba ya ciwo. Hasali ma akwai lokutan da gaskiya ke wajensa, don a 1893 Pitres da Sabrazès na birnin Bordo sun wallafa labarin majinyacin da cutarsa ta ɗauki siffar kogon laka alhali kuturta ce. Kuskurensa shi ne mayar da kama ta zama hujja, ga shi kuwa Bahaushe ya riga ya ce kama da wane ba ta wane. Abubuwa biyu suka warware gardamar. Na farko, tun 1873 Armauer Hansen na Norwe ya gano ƙwayar da ke haddasa kuturta, saboda haka akwai abin da za a nema a ƙarƙashin madubin likita, a same shi ko a rasa. Na biyu, a 1890 Joffroy da Achard sun yi fiɗar gawar wani majinyaci mai cutar Morvan, suka tarar da kogo a cikin laka. A hankali aka yarda cewa cututtuka biyu ne masu kaiwa ga hannu iri ɗaya ta hanyoyi biyu, ɗaya daga ciki, ɗaya daga waje.

Daga wannan gardama aka gaji alamomin da har gobe suke da amfani ga malamin asibitin karkara. Kuturta a fata da jijiyoyin da ke kusa da fata take zaune. Tana son wuraren jiki masu sanyi, irin kunne da hanci da bayan hannu da ƙafa. Tana fitar da tabo mai haske wanda ba ya ji, kuma tana kumbura jijiya har a iya murza ta da yatsa kamar igiya a bayan gwiwar hannu ko a gefen wuya. Idan aka buga ƴar gudumar roba a gwiwar hannun kuturu, hannun yakan zabura yadda ya kamata. Mai kogon laka ba shi da tabo, jijiyarsa ba ta kumbura ba, zaburar hannunsa ta mutu, ta ƙafarsa kuma ta wuce kima, sau da yawa ma ƙashin bayansa ya karkace tun yana yaro. Wurin da ya fi wuya shi ne nau'in kuturtar da ke kama jijiya kaɗai ba tare da tabon fata ba, wanda har yanzu yakan sa ƙwararru su yi shakka.

A lokacin da ake wannan muhawara a Paris, ƙasar Dungas tana cikin wani hali dabam. Tsohuwar masarauta ce daga cikin ƙasashen Sosebaki, tare da Mirya da Waca, waɗanda Damagaram ta mamaye a ƙarni na 19. Ba da jimawa ba Faransa da Ingila suka ja iyaka, aka kafa alamominta tsakanin 1906 da 1908, ta bar Dungas da Magarya a hannun Faransa, Daura da Gumel da Maigatari a hannun Ingila. Likitancin da ya biyo bayan iyakar na yaƙi da annoba ne, wato agana da sanƙarau da kuturta, ba na zama da majinyaci ɗaya ana gwada shi da auduga ba. A shekarun 1930 ƙungiyar mishan ta SIM ta karɓi ragamar zangunan kutare a lardunan Kano da Katsina da Sakkwato, inda sunaye irin su Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa suka zama sanannu, sannan a 1956 ta buɗe asibitin kutare na Danja kusa da Maraɗi. Ga mutumin da hannunsa ya daina jin wuta, waɗannan su ne ƙofofin da ke buɗe. Shiga cikinsu kuwa ba ƙaramin farashi gare shi ba, domin sunan kuturu yakan raba aure, ya hana neman aure, ya ware wa mutum ƙwarya da tabarma, kuma ba ya goguwa ko da an warke. Shi ya sa a nan bambancewar ta fi nauyi fiye da yadda littafin Paris ya zata: can gardama ce tsakanin masana, a nan zaman mutum cikin danginsa ne ke kan sikeli.

Na'urori sun zo daga baya, kuma labarinsu bai da tsawo. Quincke ya fara zuƙo ruwan laka da allura a 1891, Kabat ya nuna a 1942 cewa ruwan masu ciwon tabo-tabo yana ɗauke da wasu sinadaran garkuwar jiki fiye da kima, Sicard da Forestier kuma sun fara zuba wani mai a kewayen laka domin hoto ya nuna kumburinta a farkon shekarun 1920. Abin da ya yanke hukunci shi ne na'urar hoton maganaɗisu, wadda ake kira IRM a Nijar, MRI a Nijeriya. A 1981 aka wallafa hotunan farko da ta ɗauka na tabon ƙwaƙwalwa a asibitin Hammersmith na Landan, kuma tun daga sharuɗɗan McDonald na 2001 ta zama ginshiƙin gane cutar. A hoton, kogo yakan fito dogo a tsakiyar laka, launinsa ɗaya da na ruwan da ke kewaye, lakar kuma ta kumbura. Tabon ɗayar cutar gajeru ne, ba su cika kai tsawon gaɓa biyu na ƙashin baya ba, sun fi zama a gefe ko a baya, kuma galibi akwai ƴan'uwansu a ƙwaƙwalwa. Sai dai na'urar ta zo da nata ruɗanin. Tana nuna siririn rami a lakar mutane masu ƙoshin lafiya, ragowar hanyar da ake haihuwar kowa da ita, ana kuma samun ƙananan koguna a jikin wasu masu ciwon tabo-tabo. Hoton da ba a haɗa shi da tarihin majinyaci ba yana iya tsoratar da lafiyayye.

Muhimmancin rarrabewar ya ƙaru ne da samuwar magani, don kowace cuta hanyarta dabam. Aikin James Gardner a Amurka a shekarun 1950 da 1960, da na Bernard Williams a Ingila bayansa, ya nuna cewa idan aka yi fiɗa aka faɗaɗa ƙofar gindin ƙoƙon kai, ruwa ya sami hanya, kogon yakan tsaya ko ya motse, ko da yake abin da ya riga ya lalace ba lalle ne ya dawo ba. Ciwon tabo-tabo da magungunan lallashin garkuwar jiki ake tarbar sa, waɗanda na farkonsu ya sami izini a Amurka a 1993. Kuturta kuwa tana warkewa sarai da haɗin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 1981, ana sha wata 6 ko 12, kuma tun 1995 kyauta ake raba su. Ba ɗaya daga cikin ukun da ke amfanar mai ɗayar cutar.

Akwai kuma tambayar ko ciwon tabo-tabo ma yana da yawa a nan. Ƙididdigar duniya ta 2020 ta nuna mutum miliyan 2.8 ne ke ɗauke da shi, mafi yawansu a Turai da Amurka ta Arewa, Afirka tana cikin yankunan da ya fi ƙaranci. Benjamin Osuntokun na asibitin jami'ar Ibadan, da ya bi bayanan dubban majinyata a rahoton da ya wallafa a 1971, da ƙyar ya ci karo da shi, amma ya sami mutane da dama masu wata cuta da ke haɗa makanta da shanyewar ƙafafu, irin wadda Eugène Devic na birnin Liyon ya bayyana a 1894. An daɗe ana ɗaukar ta reshe ce ta ciwon tabo-tabo, sai a 2004 masu bincike a asibitin Mayo na Amurka suka gano wani sinadari a jini da ya tabbatar cuta ce mai zaman kanta. Ta fi kama baƙar fata da mutanen Asiya, tabonta a laka dogo ne kuma a tsakiya, har wani lokaci ya yi kama da kogo a hoto, sannan wasu magungunan ciwon tabo-tabo suna ƙara tsananta ta. Duk da haka, ƙarancin likitocin jijiya da na'urori a yankin Sahel ya isa ya sa a yi hattara da cewa cuta kaza babu ita, don abin da ba a da kayan ganinsa ba ya shiga ƙididdiga.

Shi kuwa kogon laka yana da wasu sanadai bayan wanda Chiari ya bayyana, kuma waɗannan ba baƙi ba ne a gundumomin Magarya da Dungas. Duk abin da ya bar tabo a mayafin da ke kewaye da laka yana iya toshe hanyar ruwa, kogo ya biyo baya bayan watanni ko shekaru masu yawa. Karayar ƙashin baya na daga ciki, ko ta faɗowa daga bishiya ce, ko ta ruftawa rijiya, ko ta hatsarin kabu-kabu. Tarin fuka idan ya kama ƙashin baya ko mayafin ƙwaƙwalwa shi ma sanannen sanadi ne. Sai kuma sanƙarau, wanda ba kasafai yake barin wannan gado ba, amma yana cikin jerin. Yankin yana tsakiyar ɗamarar sanƙarau da Léon Lapeyssonnie ya zana a 1963, kuma rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa daga 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023 mutum 559 ne suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu, fiye da rabin masu kamuwar kuwa daga gundumar Dungas suke, sauran daga Matamai da Mirya da Magarya da wasu wurare. Ƙididdigar annoba masu kamuwa da masu mutuwa take lissafawa, ba aikinta ba ne bin sawun yaron da ya tashi har ya zama magidanci.

Idan irin wannan yaro, shekara goma ko goma sha biyar bayan jinyarsa, ya fara ƙonewa da garwashi bai sani ba, fassarori uku ke jiran sa kafin ya kai ga na'ura. Wasu za su ce iska ce, kamar yadda sunan shan inna da kansa ke tuna wa mai sauraro wadda aka daɗe ana ɗora wa laifin shanyewar gaɓoɓi. Wasu za su yi shiru su janye ƙwaryarsu. Malamin asibiti kuma, in ya bi littafi kawai, zai iya tunanin cutar da ta fi yawa a Faransa. Na'urar maganaɗisu tana manyan birane irin Yamai da Kano, tafiya ce mai nisa da kuɗi masu nauyi ga manomin gero da riɗi, kuma ba za a tura kowa ba. Wanda zai zaɓi wanda ya kamata a tura shi ne ma'aikacin da ke ƙaramin asibitin gari, kuma kayan da zai yi zaɓin da su su ne na zamanin Schultze da Kahler: ya tuɓe wa majinyaci riga ya nemi tabo a hasken rana, ya murza jijiyar gwiwar hannu, ya gwada allura da auduga da ruwan ɗumi daga kafaɗa zuwa yatsa, ya buga guduma, sannan ya tambaya ko an taɓa yin sanƙarau, ko tari mai tsawo, ko faɗuwa, da kuma shekarar da aka yi.